Yadda ake shimfiɗa dusar ƙanƙara a ƙaramin layin dogo na kwaikwayo

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai ɗimbin mutane, yara da magidanta har da dattawa, waɗanda abin da ke ɗebe musu kewa shi ne haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki. Sukan shimfiɗa musu dogo a kan faffaɗan teburi ko a wani ɗaki da aka ware, sannan su kewaye dogon da tashoshi da gidaje da gadoji da tsaunuka, duk a ƙanƙance, ta yadda mai kallo zai ga kamar ya leƙo wani gari ne daga sama. Wannan teburi da duk abin da ke kansa shi za a riƙa kira shimfiɗa a nan.

Galibin shimfiɗun da ake ginawa yanayin bazarar Turai suke nunawa, lokacin da ciyawa ta yi kore shar, itatuwa suka cika da ganye. Kaɗan ne ke ɗaukar yanayin hunturu, duk da cewa babu abin da ke jan idon 'yan kallo kamar baƙin kan jirgi yana ratsa farin fili. Dalilin ƙarancin a fili yake. Ciyawa da ganye suna rufa wa magini asiri idan ya yi kuskure, amma farin fili ba ya ɓoye komai. Ga shi kuma garin da ake kwaikwayon dusar ƙanƙara da shi yana iya shiga injin jirgin ya kashe shi, ko ya rufe dogo ya yanke wuta. Wanda ya yi gaggawa zai iya lalata aikin shekaru da kayan kuɗi masu yawa a yini guda.

Asalin al'adar

Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya gabatar da tsarin ƙananan jirage masu dogo mai daidaitaccen faɗi a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891. Daga nan mai saye ya sami damar ƙara dogo da taragu sannu a hankali, maimakon ya sayi abin wasa guda ɗaya ya tsaya a nan. A Amurka, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900, a Ingila kuma jiragen Hornby suka fito a 1920.

Alaƙar waɗannan jirage da dusar ƙanƙara ta samo asali ne daga bikin Kirsimeti, wanda ke zuwa a tsakiyar hunturun ƙasashen arewacin duniya. Tun kafin zuwan jiragen, iyalai a Jamus da kuma Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa jihar Pennsylvania ta Amurka suna da al'adar gina ƙaramin ƙauye a gindin itacen bikin. Da ƙananan jirage suka wadata, sai aka zagaye ƙauyen da dogo, aka shimfiɗa auduga a matsayin dusa. Auduga kuwa abokiyar wuta ce, musamman a gidan da ake kunna kyandir. Wannan tsoro ya sa a shekarun 1930 da 1940 aka riƙa sayar da dusar ado da aka yi da ma'adinin asbestos a Amurka, saboda ba ya kamawa da wuta. Daga baya aka tabbatar da cewa shaƙar ƙurarsa na haddasa mummunan ciwon huhu da sankara. Tun daga farko, ke nan, zaɓen abin da za a yi dusa da shi bai taɓa zama ƙaramin lamari ba.

Ma'auni shi ne alƙali

Kowace shimfiɗa tana bin ma'auni guda, wato adadin da aka rage girman abu na gaske da shi. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne H0, inda komai ke zama kashi 1 cikin 87 na ainihin girmansa, faɗin dogo kuma milimita 16.5 ne. A Birtaniya an fi amfani da 00, kashi 1 cikin 76, a kan dogo mai wannan faɗi. Akwai ma'aunin N, kashi 1 cikin 160, mai dogo na milimita 9, da kuma Z wanda Märklin ya fitar a 1972, kashi 1 cikin 220.

Idan aka ɗauki H0, mutum mai tsawon mita 1.74 zai koma santimita 2. Dusar da ta taru santimita 30, wadda a zahiri za ta kusa kai wa mutum gwiwa, kaurinta a shimfiɗa bai wuce milimita 3 da rabi ba. Wadda ta kai mita guda, irin da ke tsayar da harkokin gari, milimita 11 da rabi ce kacal. Saboda haka wanda ya zuba gari kaurin santimita 3 a kan rufin tasha ya ɗora wa ginin dusar da ta haura mita biyu da rabi, kuma idon mai kallo zai ji wani abu bai yi daidai ba ko da bai iya faɗin mene ne ba.

Haka lissafin yake ga girman ƙwayar garin. Ƙwayar sukari mai rabin milimita, idan aka ninka ta sau 87, ta zama dunƙulen da ya haura santimita 4. Fili da aka rufe da ita zai yi kama da wanda aka zuba wa tsakuwa. Ƙwayar dusa ta gaske mai faɗin milimita 5 kuwa, idan aka rage ta, ba za ta fi kaurin gashin kai ba. Wannan ne ya sa ƙwararru ke neman gari mafi laushi, kuma laushin nan shi ne ke ba shi damar kutsawa inda ba a so.

A fara da kallon jirgi na gaske

Maginan da suka ƙware ba sa fara aiki sai sun tara hotunan wani layin dogo na gaske a lokacin sanyi, domin kowane yanki da irin hunturunsa da kuma dabarun da ma'aikatan jirgi suka ƙirƙiro don tinkarar sa.

Layin Bernina na ƙasar Suwizalan yana hawa har mita 2,253 sama da teku a tashar Ospizio Bernina, kuma jirage na bin sa duk shekara. A can dusa kan yi bango a gefen dogo, jajayen taragu na wucewa a tsakani. Kamfanin jirgin yana riƙe da wata na'urar share dusa mai aiki da tururi da aka ƙera a 1910. Hukumar UNESCO ta sanya wannan layi da na Albula cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. A ƙasar Norway, layin da ya haɗa Oslo da Bergen, wanda aka buɗe a 1909, yana ratsa tashar Finse mai tsayin mita 1,222, inda babu itatuwa sai fili da iska, ga shingayen katako da aka kafa don tare dusar da iska ke korowa. A tsaunukan Sierra Nevada na Amurka, kamfanin Central Pacific ya gina rumfunan katako masu tsawon kusan kilomita 60 a kan dogo a ƙarshen shekarun 1860, bayan dusa ta sha binne layin. A Jamus kuwa, jirage masu tururi na hawa dutsen Brocken a yankin Harz har yau, suna ratsa itatuwan da ƙanƙara ta lulluɓe.

Na'urar share dusa mai jujjuyawar fanka a gaba, wadda ke yankar dusa ta watsa ta gefe, wani likitan haƙori ne a birnin Toronto na Kanada, J. W. Elliott, ya fara tsara ta a 1869. Wani ɗan ƙasarsa, Orange Jull, ya inganta ta, aka gwada ta a hunturun 1883 zuwa 1884. Inda irin wannan na'ura ta wuce takan bar bango a miƙe kamar an yanka da wuƙa, yayin da garmar share dusa mai baki kamar na kwalekwale ke barin tudu mai gangara a kowane gefe. Mai gina shimfiɗa yana bukatar sanin wace ce ke aiki a layin da yake kwaikwayo, domin siffar gefen dogonsa ta dogara da hakan.

Wane irin hunturu ake so?

Hunturu a waɗannan ƙasashe mataki-mataki ne, kuma dole magini ya zaɓi guda ya tsaya a kansa. Akwai safiyar da raɓa ta daskare, inda ciyawa da rufin gidaje ke yin fari-fari kawai. Akwai zubar farko, wadda ke rufe wuraren da suke a shimfiɗe amma ta bar busasshiyar ciyawa da duwatsu suna leƙowa. Akwai tsakiyar hunturu, lokacin da komai ya nutse, kusurwoyi suka zama masu lanƙwasa. Sai kuma lokacin narkewa, inda dusa ke saura a inuwar gine-gine da cikin kwari, ƙasa ta yi caɓi, ruwa na kwance a kan hanya.

Zaɓin yana shafar yawan aiki. Wanda ya ɗauki dusa mai zurfi ba ya bukatar dasa ciyawa ko fenta ƙasa, tun da duk za su ɓuya. Wanda ya ɗauki zubar farko ko lokacin narkewa sai ya kammala shimfiɗar tukuna da launukan rani, wato ruwan ƙasa da ruwan toka da launin busasshiyar ciyawa, kafin ya ɗora fari a kai. Aikinsa ninki biyu ne, amma sau da yawa sakamakon ya fi gamsar da ido, domin duhun ƙasa ne ke sa farin ya fito.

Abu na biyu da ake yankewa tun farko shi ne inda iska ke fitowa. Dusa na taruwa a bayan bango da shinge da tudu, a gefen da iska ba ta bugawa, kuma tana mannewa a fuska ɗaya ta kututturan itatuwa da turakun waya. Idan tudun dusa ya kwanta a gabashin wannan gida amma a yammacin na kusa da shi, shimfiɗar ta ƙaryata kanta.

Kayan da ake yin dusa da su

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne kayan kicin, kuma su ne suka fi jawo da-na-sani. Fulawa da sitaci suna da laushin da ake so, amma abinci ne: kyankyasai da ƙananan ƙwari da ɓeraye za su bi su, kuma sukan yi fumfuna idan akwai laima. Gishiri da sukari suna jan danshi daga iska, ga girman ƙwaya, gishiri kuma yana cin ƙarfe. Garin bekin soda yana da kyau a ido a ranar farko, kuma masu haɗa ƙananan hotunan yaƙi da na tarihi sun daɗe suna amfani da shi, sai dai magina da yawa na kukan cewa yana komawa rawaya bayan wani lokaci, musamman idan aka kwaɓa shi da gam. A kusa da dogo da wayoyin lantarki an fi so a guje shi gaba ɗaya.

Farar filasta, wadda masu aikin silin ke kira POP, tana da amfani wajen gina tudun dusa da bangon gefen dogo, domin tana daskarewa ta yi ƙarfi, ana kuma iya sassaƙa ta da goge ta. Rauninta shi ne tana shan ƙura da datti, saboda haka ake shafe ta da farin fenti bayan ta bushe. Garin dutsen marmara fari ne tas, ba ya sauya launi, amma yana da kaifi, kuma idan ya shiga haƙoran injin jirgi zai riƙa cin su kamar yashi.

Akwai kuma ƙananan ƙwayoyin gilashi masu rami a ciki, waɗanda masu gyaran kwalekwale ke haɗawa da gam don cike tsaga. Sun fi komai laushi, kuma kamanninsu da sabuwar dusa ba a magana. Amma rashin nauyinsu na sa su tashi a iska da ɗan motsi kaɗan, don haka ba a taɓa su sai da takunkumin hanci da tabarau, a wurin da yara ba sa kusa.

Kamfanonin da suka ƙware a kayan ado na shimfiɗa, irin su Noch da Busch da Faller a Jamus da Woodland Scenics a Amurka, suna sayar da garin dusa na roba wanda ƙwari ba sa ci, da kuma kwaɓaɓɓiyar dusa mai kauri da ake shafawa da ƙaramin cokali. Wasu sukan haɗa da 'yar ƙyalƙyali don nuna yadda dusa ke walƙiya a rana. Ana sa ta ne kaɗan ƙwarai, a saman aikin kawai, domin idan ta yi yawa sai tsaunin ya koma kamar kayan kwalliyar biki.

Matakan aikin

Kafin komai, ana kwashe dukkan kawunan jirage da taragu a kai su wani ɗaki. Sannan a rufe dogo da tef ɗin masu fenti, a kula sosai da wuraren sauya layi, inda ƙananan ƙarafa ke motsi.

Ana gina siffar ƙasa da allunan kumfa mai tauri irin wanda ake sa wa bango don tare zafi da sanyi. A yanka shi, a goge kusurwoyinsa su lanƙwashe, a rufe da ƙyalle da aka jiƙa a filasta. Idan dusa mai zurfi ake so, kaurin daga wannan kumfa da filasta yake fitowa, garin kuwa fata ce kawai a sama. Gine-gine da shingaye da turaku ana ɗan nutsar da gindinsu a ciki, domin gidan da ke zaune a saman dusa, da tazara a ƙarƙashinsa, yana tona asirin aikin nan take.

Daga nan sai fenti. Ana shafa fari marar sheƙi, a ɗiga masa shuɗi ko ruwan toka kaɗan a cikin kwari da wuraren inuwa. Bayan ya bushe, a shafa farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa, a ƙara ɗigon sabulun wanke kwano don ya bazu ba tare da ya dunƙule ba. Tun gam ɗin yana da danshi ake barbaɗa garin ta cikin rariya mai ƙananan idanu, irin matacin shayi, daga tazarar kamu ɗaya ko biyu a sama, ana ɗan buga gefenta da yatsa. Hikimar barbaɗawa daga sama ita ce garin zai sauka inda dusa ta gaske za ta sauka, ya bar ƙarƙashin gada da gindin rufi da inuwar manyan rassa ba tare da an tsara hakan ba.

An fi son a yi shafi uku ko huɗu marasa kauri, ana barin kowanne ya kwana ya bushe, da a zuba mai yawa a lokaci guda. A ƙarshe a bi ko'ina da injin zuƙar ƙura don kwashe duk abin da bai manne ba. Wasu sukan ɗaura yankin safa mai laushi a bakin injin don su tara garin su sake amfani da shi.

Dogo: inda kyau da aiki ke karo

Ƙaramin jirgi yana samun wutarsa ne ta cikin dogon da yake takawa. Wuta mai ƙarancin ƙarfi, tsakanin bolt 12 zuwa 18 a yawancin tsare-tsare, tana bi ta ƙarfen dogo ta shiga ƙafafun kan jirgi ta kai ga injin. Ɗan ɗigon gam da ya bushe a saman ƙarfen ya isa ya sa jirgin ya riƙa tsayawa a wuri guda kullum. A tsarin Märklin akwai ƙarin ƙananan kusoshi a tsakiyar dogo waɗanda ke ɗauke da wuta, kuma dole kawunansu su kasance a buɗe.

Ƙafar jirgi, babba ko ƙarami, tana da leɓe a gefen ciki wanda ke hana ta zamewa daga dogo. Leɓen yana bukatar 'yar hanya a jikin ƙarfen, kimanin milimita ɗaya da rabi a ma'aunin H0. Mai son nuna dogon da dusa ta cika har baki yakan shafa kwaɓaɓɓiyar dusa tsakanin ƙarafan biyu, ya bar ta ƙasa kaɗan da samansu, sannan ya tura wata tsohuwar ƙafar tarago ta buɗe hanyar leɓe tun abin bai bushe ba. Idan ya bushe sai a goge saman ƙarfen har ya yi sheƙi.

Wuraren sauya layi ana barin su babu dusa, kuma wannan ya yi daidai da zahiri. Kamfanonin jirage na sanya musu na'urorin ɗumamawa na lantarki ko na gas don kada su daskare. A birnin Chicago har harshen wuta ake gani a gefen dogo a ranakun tsananin sanyi. Baƙin fili mai alamar danshi a kewayen wurin sauya layi yana kare jirgin daga matsala, yana kuma ƙara wa shimfiɗar kama da gaskiya.

Haɗarin garin da bai manne ba ya yi kama da abin da ya faru da jiragen Birtaniya a watan Fabrairun 1991. A lokacin an yi wata dusa busasshiya mai laushi kamar hoda, wadda ta shige cikin injinan jirage masu lantarki, ta cushe ƙofofi, ta dagula zirga-zirga na kwanaki. A shimfiɗa ma haka ne: gari yakan manne da man da ke cikin injin, ya zama kwaɓi mai cin haƙoran ƙarfe da na roba.

Rufi da itatuwa da ruwa da hanya

A kan rufin gida dusa takan ɗan zarce bakin rufin ta lanƙwaso. Gidan da ake hura wuta a cikinsa yakan narkar da ta kewayen bututun hayaƙi, yayin da rumbu ko shagon da babu kowa ke riƙe da tasa cif. Ruwan da ya narke ya gangaro shi ke daskarewa ya zama tsinken ƙanƙara a bakin rufi, don haka gidaje masu ɗumi ne ke da su. Ana yin su da zaren roba mai haske irin na kamun kifi, a shafa masa gam mai sheƙi. Tsinke mai rabin mita a zahiri bai kai milimita 6 ba a H0.

Itatuwa iri biyu ne a wannan yanayi. Masu ganye kamar allura galibinsu ba sa kaɗewa, kuma dusa na kwanciya a saman rassansu, ƙarƙashi ya zauna da duhu. Ana fesa musu gam daga sama kawai, sannan a barbaɗa gari. Sauran itatuwan kuwa tsirara suke, sai rassa, kuma ana yin su da siraran wayoyi da aka murɗa ko da busassun tsirrai masu ƙananan rassa. Itace mai koren ganye shar a tsakiyar dusa kuskure ne da ake yawan gani a wurin sababbin shiga.

Tafkin da ya daskare ana fara shi da fentin ƙasa mai duhu a tsakiya, mai haske a baki-baki. Sai a ɗora falle na roba mai haske da aka ɗan goge ya dushe, ko a zuba ruwan gam mai daskarewa kamar gilashi, shafi-shafi, a ɗaki mai iska. Ana ja masa 'yan layuka da tsinin allura don nuna tsaga, a share dusa daga tsakiya a bar ta a gefe. Rafi mai gudu da ƙarfi ba ya daskarewa gaba ɗaya: tsakiyarsa baƙi ne, ƙanƙara na gefe.

Hanyar mota ba ta zama fara. Tayoyi na barin layuka biyu masu duhu, gefen hanya kuma yakan tara dusa mai datti, ruwan toka da ruwan ƙasa, wadda motar shara ta ture. Haka kewayen ma'ajiyar kwal da inda kan jirgi mai tururi ke tsayawa yakan yi baƙi da toka. Sawun ƙafa daga ƙofar gida zuwa tasha, wanda ake yi da tsinken sakace tun dusar tana da danshi, yana nuna cewa akwai masu rai a garin. Su ma ƙananan mutanen da ake jerawa, irin waɗanda kamfanin Preiser na Jamus ya yi suna a kansu, sai an zaɓi masu manyan riguna da huluna.

Haske

Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta, shi ya sa take ɗaukar launin duk fitilar da aka haska ta da ita. Ƙwan lantarki mai jan haske zai mayar da ita kamar an zuba madara da ta kwana. Ana amfani da fitilu masu farin haske mai ɗan shuɗi a sama, a bar ja-ja ga tagogin gidaje da fitilun tasha. Inuwa a kan dusa shuɗiya ce a ranar da gari ya waye tas, saboda hasken sararin sama ne kaɗai ke kaiwa wurin. Rana kuma ba ta hawa sosai a hunturun arewacin Turai, don haka fitila da aka sa a gefe, mai jan dogayen inuwoyi, ta fi wadda ke tsaye a tsakiyar ka dacewa. Bangon baya ana fenta shi ruwan toka mai haske ko shuɗi marar ƙarfi.

Misali daga Hamburg

Wanda ke son ganin iyakar inda wannan fasaha ta kai sai ya dubi Miniatur Wunderland a birnin Hamburg na Jamus, shimfiɗar ƙananan jirage mafi girma a duniya. Tagwaye biyu, Frederik da Gerrit Braun, su ne suka jagoranci kafa ta, aka buɗe ta a 2001 a tsohuwar unguwar rumbunan kaya ta Speicherstadt. Tana kan ma'aunin H0, tana da dogo mai tsawon fiye da kilomita 15 da jirage sama da 1,000.

Sashen ƙasashen arewacin Turai, wanda aka buɗe a 2005, yana tafiya ne daga korayen filayen Denmark har zuwa yankin da dusa ta rufe a can arewa, inda aka kwaikwayi mahaƙar tama ta Kiruna a ƙasar Suwidin. An yi dusar wurin da garin gilashi. Sashen Suwizalan da ya biyo baya a 2007 yana da tsaunuka masu tsayin mita da dama, waɗanda sai da aka fasa daɓen bene kafin su samu wurin tsayawa, kuma dusa na kawunansu ne kawai, kamar yadda take a tsaunukan Alps idan sanyi ya ja baya. Duk minti 15 ana yin dare da rana a ɗakin, abin da ke ba mai kallo damar ganin yadda farin fili guda ke sauya launi daga hantsi zuwa almuru.

Akwai kuma waɗanda ba sa bukatar kwaikwayon dusa ko kaɗan. Tun 1968 ake ƙera manyan jirage na lambu masu suna LGB, waɗanda suka samo asali daga Jamus, kashi 1 cikin 22.5, masu dogo na milimita 45, waɗanda ke jure ruwa da sanyi. Masu su kan ɗaura musu ƙaramar garma su share dusa ta gaske a bayan gida.

Kulawa bayan an gama

Babban abokin gabar farar shimfiɗa shi ne ƙura. Abin da ba za a lura da shi ba a kan koren fili, a kan fari yakan bayyana cikin 'yan makonni. Hayaƙin taba da na girki da hasken rana kai tsaye suna sa gam da fenti su koma rawaya. Don haka ake rufe shimfiɗa da leda ko ƙyalle marar gashi duk lokacin da ba a amfani da ita, ƙanana kuma a sa su cikin akwatin gilashi. Mai son gwada wannan aiki a ƙasar Hausa, inda hunturu ke zuwa da hazo da jar ƙura mai ratsa kowace taga, akwatin gilashi ya zame masa dole.

Ana share ƙura da burushi mai laushi irin na kwalliya, ana riƙe da bakin injin zuƙa a kusa ba tare da ya taɓa aikin ba. Bayan 'yan shekaru, idan farin ya dushe, sai a sake fesa gam a barbaɗa sabon shafi marar kauri. Kawunan jirage kuma ana buɗe su lokaci-lokaci a duba ko gari ya shiga, a goge tsohon mai a sa sabo.

Wasu magina, don gudun yin abin da ba shi da gyara, sukan barbaɗa busasshen gari ba tare da gam ba, su ɗauki hoto, sannan su zuƙe shi kafin su mayar da jirage kan dogo. Wasu kuma sukan keɓe kusurwa guda, bayan wani rami da jirgi ke shiga ƙarƙashin dutse, ta yadda zai shiga daga kaka ya fito cikin hunturu. Shawarar da ƙwararru suka fi bai wa sabon shiga ita ce ya fara da ɗan allo mai faɗin kamu biyu, da guntun dogo da gida guda da itatuwa biyu ko uku, ya gwada garinsa da gam ɗinsa a kai, ya ajiye shi wata uku ya ga ko launin zai sauya, kafin ya taɓa babbar shimfiɗarsa.